Ƙara Kashe Kuɗi ko Sassauta Haraji: Wanne Ya Fi Dacewa da Tattalin Arzikin Nijar?

Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi a Tawa, ƴan kasuwa suka wuni a bakin shaguna babu ciniki, magina da kafintoci suka zauna jiran aiki, muhawara ɗaya ce take tasowa a tsakanin masu bin al'amuran tattalin arziki. Wasu suna cewa gwamnati ta buɗe baitulmali ta zuba kuɗi a ayyuka domin jama'a su samu abin yi, wasu kuma suna cewa ta sassauta haraji domin kuɗi su zauna a hannun masu su, su juya su yadda suka ga ya fi. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi da ƙasashen da yake kafa misali da su. Ni dai a nawa ganin, a halin da Nijar take ciki kashe kuɗi ya fi sassauta haraji amfani, amma ba kowane irin kashewa ba, kuma akwai wasu ƙananan haraji da rage su zai fi kowace kwangila saurin isa ga talaka.

Hujjar masu son a kashe kuɗi ta samo asali ne daga masanin nan na Ingila, John Maynard Keynes, wanda ya yi bayaninta a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Abin da ya lura da shi shi ne, kuɗin da wani ya kashe su ne kuɗin shigar wani, saboda haka idan kowa ya tsuke hannu a lokaci ɗaya don tsoro, to ciniki zai ragu, a sallami ma'aikata, su ma su tsuke nasu hannun, abin ya riƙa ciyar da kansa. A irin wannan yanayi gwamnati ce kaɗai take da ƙarfin da za ta kashe alhali kowa yana ɓoyewa, kuma jika ɗaya da ta biya lebura ba ta tsayawa a aljihunsa, tana wucewa ga mai hatsi, daga nan ga tela, daga nan ga ɗan kabu-kabu. Masu son a rage haraji kuwa suna cewa ɗan kasuwa ya fi ma'aikacin ofis sanin inda riba take, kuma haraji mai nauyi yana kashe sha'awar zuba jari, yana tura mutane ɓoye sana'arsu daga idon hukuma. Wasunsu sukan ƙara da cewa idan aka rage haraji harkoki za su bunƙasa har gwamnati ta tara fiye da abin da ta yafe.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi rauni, domin an jarraba ta a wurare da dama ba ta tabbata ba. Shugaba Reagan na Amurka ya rage harajin masu manyan kuɗin shiga daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 50 a dokar 1981, sannan zuwa 28 a dokar 1986. Tattalin arzikin ya bunƙasa a waɗannan shekaru, amma bashin gwamnatin tarayya ya tashi daga ƙasa da dala tiriliyan 1 zuwa kusan tiriliyan 3. Jihar Kansas ta yi babban ragi a 2012, giɓin kasafinta ya yi ta faɗaɗa har majalisar jihar ta soke yawancin ragin a 2017. A Ingila, gwamnatin Liz Truss ta sanar da ragin haraji na kusan fam miliyar 45 a watan Satumba na 2022 ba tare da faɗin inda za ta cike gurbinsu ba, masu ba da rance suka firgita, kuɗin ruwa ya yi sama, ita kuma ta sauka daga mulki a watan Oktoba. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa tabon. Tallafin dala tiriliyan 1.9 da Amurka ta zuba a 2021 yana cikin abubuwan da suka hura wutar tsadar kaya da ta haura kashi 9 cikin ɗari a tsakiyar 2022, Gana kuma ta yi ta cin bashi tana kashewa har ta kasa biya a watan Disamba na 2022.

Sai dai waɗannan misalai ba za su yanke mana hukunci ba, saboda tambayar farko da ya kamata a yi a nan ita ce, wane ne yake biyan harajin da ake so a rage? A Nijar kimanin mutum takwas cikin goma noma da kiwo ne abin dogaronsu, kuma fiye da rabin arzikin da ake samarwa a shekara yana fitowa ne daga sana'o'in da ba su da rajista. Harajin albashi, wanda yake hawa har kashi 35 cikin ɗari, ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni masu rajista ne suke biyansa. Harajin riba na kashi 30 cikin ɗari kuwa mafi yawansa yana fitowa ne daga bankuna, kamfanonin waya, na ma'adinai da manyan masu shigo da kaya. Manomin gero na Bambeye ko makiyayin Abalak ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan, abin da ya sani shi ne lanhon da ake karɓa ta hannun mai gari da tikitin ranar kasuwa. Idan aka rage harajin riba da kashi 5, babu ko dala da za ta ƙaru a aljihunsa, alhali wani ɓangare na abin da aka yafe zai bi masu hannun jari zuwa ƙasashen waje. Ga kuma wani abu: duk harajin da Nijar take tarawa yana kai-komo ne a kusa da kashi 10 cikin ɗari na arzikin ƙasa, wato rabin kashi 20 ɗin da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta sa wa ƙasashenta a gaba. Ƙasar da yawan jama'arta yake ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, wadda kowane Oktoba take buƙatar sababbin azuzuwa da malamai, ba ta da rarar da za ta yafe a fannin da ya fi kawo mata kuɗi.

Harajin da kowa yake biya, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan saye, na kashi 19 cikin ɗari da kuɗin duwan da ke cikin farashin kayan da aka shigo da su. A nan ne hujjar masu son sassauci take da ƙarfi ƙwarai, kuma tarihi yana goyon bayansu. A farkon 2005, lokacin mulkin Tandja Mamadou, gwamnati ta ɗora TVA a kan kayan masarufi irin su shinkafa, fulawa da madara, har da ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula suka kira zanga-zanga da zaman gida, shaguna suka kasance a rufe a Yamai da sauran manyan garuruwa, har gwamnati ta janye mafi yawan matakin a watan Afrilu. Magidancin da yake rayuwar hannu baka hannu ƙwarya kusan duk abin da ya samu abinci yake saye, don haka haraji a kan abinci ya fi yi masa nauyi fiye da mai albashi. Amma cire haraji daga kaya da saukar farashinsa a kasuwa abubuwa biyu ne daban. Inda ƴan tsirarun attajirai ne suke shigo da shinkafa ko sukari, ba abin da zai tilasta musu miƙa rangwamen ga mai saye, sai dai gasa ta gaskiya ko sa ido mai tsanani daga hukuma. Kasafin 2018 ya koya mana wani darasin kuma: an cire wa kamfanonin waya harajin kiran da yake shigowa daga waje, a lokaci guda aka ƙirƙiro wasu haraji a kan magidanta, jama'a suka yi watanni suna zanga-zanga, aka kama jagororinsu a watan Maris na 2018, daga baya kuma aka maido da harajin kiran a 2019. Duk ragin da aka yi wa mai ƙarfi, wani ne yake cike gurbinsa.

To, idan haka ne me zai hana a ce gwamnati ta yi ta kashewa kawai? Abin da zai hana shi ne ba ta da wurin ɗebo kuɗin yadda Amurka take da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, kuma babban bankin BCEAO da ke Dakar na ƙasashe takwas ne, ya daina ba gwamnatoci rance kai tsaye tun farkon shekarun 2000. Wannan tsari yana kare mu daga irin faɗuwar da naira ta yi, amma ma'anarsa ita ce duk sefar da gwamnati za ta kashe sai ta fito daga haraji, ko tallafi, ko bashi mai kuɗin ruwa. Mun ga iyakar abin da idonmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) da UEMOA ya rufe asusun gwamnati da ƙofar rance, masu ba da tallafi suka ja da baya, aka zaftare kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin ɗari, daga sefa miliyar 3,291 zuwa miliyar 1,981. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma rancen da Nijar take ci a kasuwar yankin ya fi na yawancin maƙwabtanta tsada, ga kuma matsalar tsaro, har a arewacin jiharmu ta Tawa wajen Tilliya da Tassara, tana cinye kaso mai yawa kafin a zo maganar komai.

Dattawanmu sun ga lokacin da aka haɗa hanyoyin biyu a tare. A shekarun 1970 farashin uraniyom ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanhon kai da gwamnatin tsakiya take karɓa, wanda ya addabi talakawa tun zamanin Turawa, ta kuma shiga manyan gine-gine da hanyoyi, ciki har da hanyar Tawa zuwa Arlit, tana ƙarawa da bashi bisa zaton farashin zai dore. Soke lanhon alheri ne da har yau ake tunawa da shi. Amma da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashin bai faɗi tare da shi ba, kuma daga 1983 ƙasar ta shiga shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, waɗanda suka kai ga shekarun da ma'aikata suke yin watanni babu albashi. Yanzu da ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin tun 2024, wannan tarihi ya cancanci a riƙa tuna shi a duk zaman tsara kasafi, domin kuɗin ma'adinai suna hawa suna sauka, amma ragin haraji da ƙarin albashi idan an yi su da wuya a janye.

Tunda kuɗin kaɗan ne, inda aka zuba su shi ne komai. Binciken da wani masanin Bankin Duniya, Aart Kraay, ya yi a kan ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa kowace dala ɗaya da gwamnati ta ƙara kashewa tana ƙara arzikin ƙasa da kimanin rabin dala ne kawai a shekarar farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar kwangila: injuna daga waje, ƙarfe daga waje, kwalta daga waje, manyan injiniyoyi sau da yawa daga waje, sai gadi da leburanci ne suke saura ga ƴan gari. Irin wannan kashewa kamar zuba ruwa ne a kwando. Bikin Tahoua Sakola, wato bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Tawa a 18 ga Disamba, 2017, ya bar mana tituna da fitilu da gine-ginen da suka canza fuskar gari, kuma ba na raina su, amma aikin da suka samar na ƴan watanni ne, bai kuma hana samarin ƙauyukan Adar, yankin da Tawa take ciki, tafiya biɗa zuwa Abijan, Legas ko Libiya da zarar an gama girbi ba. Madatsar ruwan Kandaji kuwa, wadda aka aza harsashinta a 2008, misali ce ta aikin da ƙasa take matuƙar buƙata amma ba zai taɓa zama maganin kasuwar da ta yi sanyi bana ba.

Akwai wani nau'in kashewa da jihar Tawa ta fi kowace jiha saninsa. Aikin raya kwarin Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dogara ne da hannun mutanen ƙauye, galibinsu mata saboda maza sun tafi ci-rani, suna jera duwatsu a gangaren tsauni, suna gina madatsai ƙanana, suna dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. A wajen Illela da Badagishiri kuma ramukan tara ruwan sama da ake kira tassa da rabin wata sun mayar da faƙo gona. Wanda ya ga yadda ake yin rabin wata ya san ba ya buƙatar komai daga waje: mutum ne da diga da shebur, ya haƙa rami mai siffar jinjirin wata a kan busasshiyar ƙasar da ko ciyawa ba ta fitowa, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, ya tara ƙasar da ya haƙo ta zama ganuwa a bayansa, ya zuba taki a ciki. Ruwan farko da ya sauka, maimakon ya wuce ya tafi da ƙasa, sai ya kwanta a ramin ya nutse. Kuɗin da aka biya wannan mutum a ranar kasuwar ƙauyensu suke ƙarewa, a kan tiyar gero da ɗan akuya da takalmin yaro, ga kuma gonar da za ta yi shekaru tana ba da amfani. A ɗauka, don misali kawai, gwamnati ta ware sefa miliyar 10, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ga kayan aiki da masu sa ido, sauran a biya jika 2 a wuni. Wannan zai ɗauki mutum fiye da 60,000 aiki na kwana 60 a tsakiyar rani, daidai lokacin da rumbu yake fara yin ƙasa. Miliyar 10 ɗin nan idan aka yafe su a harajin riba, ba na jin akwai ƙauye ɗaya a Adar da zai san an yi. Ba mu kaɗai muka san wannan hanya ba, domin Habasha da Indiya duk sun kafa manyan shirye-shiryen aiki da biya ga mutanen karkara tun 2005. Aikin gandari yana da nasa ciwo, musamman sunayen bogi a takardar biya da jinkirin kuɗi, amma biyan mutane kai tsaye ta wayar salula, wanda aka jarraba a ƙauyukan jihar nan tun 2010, yana toshe da yawa daga cikin waɗannan ramuka.

Kafin ma a ƙirƙiro sabon aiki, akwai kashewar da ta fi kowacce sauƙi da sauri, wato gwamnati ta biya bashin da ƴan kwangila da masu kawo mata kaya suke bin ta. Ɗan kwangilar da ya gina azuzuwa uku ya yi shekara yana jiran baitulmali, shi ma mai siminti yana bin sa, magina suna bin sa, banki yana lissafa masa kuɗin ruwa, kuma gobe idan aka sake kiran kwangila zai ƙara farashi don ya rufe jiran da ya san zai yi. Biyan irin wannan bashi ba ya buƙatar nazari ko bikin aza harsashi, kuma yana sakin kuɗi cikin gari a mako guda. Sassauta wa ɗan kasuwa haraji alhali ana riƙe da haƙƙinsa bai da ma'ana.

Inda nake tare da masu son sassauci ɗari bisa ɗari shi ne kan ƙananan kuɗaɗen da ake tsinka a hanya da kasuwa. A bi buhun albasar Galmi daga gona zuwa Akra ko Abijan: akwai kuɗin kasuwa, akwai na magajin gari, akwai takardun fitarwa, sannan ga shingaye a hanya inda ake biyan abin da ba shi da rasit. Albasa kuwa ba ta jira, kowane wuni da mota ta yi a tsaye cikin zafi asara ce, kuma ɗan kasuwa yana cire duk wannan ne daga farashin da zai ba manomi, wanda dama a watannin Maris da Afrilu yake sayarwa da arha saboda kowa ya girbe a lokaci ɗaya kuma rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ya hana ruɓewa. Abin da baitulmali yake samu daga waɗannan kuɗaɗe kaɗan ne idan aka gwada da ɓarnar da suke yi. Haɗe su wuri ɗaya, da rage shingaye, da sauƙaƙa patanti, harajin sana'a na shekara, ga mai ƙaramin shago yadda zai san abin da zai biya tun farkon shekara ba tare da ciniki da ma'aikaci ba, sassauci ne da ba zai huda kasafi ba.

Matakan da hukumomi suka ɗauka a 2024 sun nuna amfani da kuma iyakar rangwame. An rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, an sauke farashin siminti bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa, an kuma sauke litar fetur zuwa sefa 499. Ragin kuɗin asibiti yana isa ga matar ƙauye kai tsaye, da sharaɗin gwamnati ta riƙa cike wa asibitocin gurbin a kan lokaci, in ba haka ba sai a samu jinya mai arha babu magani. Ragin fetur kuwa ya fi amfanar mai mota a birni, kuma da man ya fi na Najeriya arha bayan ta cire tallafinta a 2023, buƙata ta fi ƙarfin matatar Zinder mai tace ganga 20,000 a rana, aka ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Saura tambayar inda za a samo kuɗin ayyukan karkara da biyan basussuka ba tare da ƙara wa talaka nauyi ba. Wuri na farko da ya kamata a duba shi ne yafe-yafen haraji da ake yi wa kamfanoni da sunan jawo masu zuba jari, domin su ma ragin haraji ne, sai dai ana yin su a ofis ba a bainar jama'a ba. Wasunsu suna da dalili, misali injin da za a kafa masana'anta da shi, amma kamfanin da ya zo don uraniyom ko man fetur ko miliyoyin masu riƙe da waya, abin da ya kawo shi yana nan ko an yafe masa ko ba a yafe ba. Abin da ya fi hana mai jari kafa masana'antar sarrafa albasa ko fata a Tawa shi ne lantarkin da ba ya tsayawa, da hanyar da ta lalace, da tsadar kai kaya tashar jirgin ruwa, kuma duk waɗannan da kuɗin haraji ake gyara su. Ya kamata kowace shekara, tare da kasafi, a wallafa jerin waɗanda aka yafe wa, da adadin da aka yafe, da ayyukan yi nawa suka yi alkawari, da nawa suka samar, sannan a sa wa kowace yafewa ranar ƙarewa, wadda ba za a sabunta ba sai an ga abin da ta haifar.